Ƙawancen biranen Hausa a zamanin da

Ranar kasuwa a Birnin Ƙwanni, mutane iri-iri ne ke haɗuwa. Akwai Ƙwannawa masu gari. Akwai Adarawa daga wajen Illela, da Gobirawa, da Kabawa, da Arawa daga wajen Dogondutsi. Dukansu Hausa suke yi, suna ciniki, suna wasa da juna. Amma kakanninsu ba su zauna ƙarƙashin sarki ɗaya ba. A zamanin da, kowane babban birni yana da sarkinsa, da rundunarsa, da iyakar ƙasarsa. Yau a ga birane biyu suna yaƙi, gobe a ga sun haɗa kai suna yaƙar na uku. Wannan haɗa kai shi ake kira ƙawance. Darasin nan zai bayyana abin da ke sa birane su ƙulla ƙawance, da abin da ke sa ƙawancen ya watse.

1. Birni da ƙasarsa

Birni gari ne babba wanda aka kewaye da ganuwa. A cikinsa akwai fadar sarki, da kasuwa, da masallaci, da rijiyoyi, har da gonaki. In yaƙi ya taso, mutanen ƙauyuka sai su kwaso iyalinsu da dabbobinsu su shigo, a rufe ƙofofi. Don haka sunan birni shi ne sau da yawa sunan ƙasar duka, kamar Kano da Katsina da Daura.

Labarin Bayajida ya ambaci ƙasashe bakwai, waɗanda ake kira Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Labarin ya ce sarakunansu na farko ƴan gida ɗaya ne, kuma an raba musu aiki. Kano da Rano su ne sarakunan baba, wato rini. Katsina da Daura su ne sarakunan kasuwa. Gobir ita ce sarkin yaƙi, domin tana tsare ƙasa daga arewa. Ban da waɗannan bakwai, akwai wasu ƙasashe masu ƙarfi a yamma, kamar Kabi da Zamfara, daga baya kuma Adar.

Wannan labari ya nuna mutanen biranen sun ɗauki juna ƴan'uwa. Amma ƴan'uwantaka ba ta hana su faɗa ba. Kowane sarki yana son hanyar fatake ta bi ta ƙasarsa, kuma ba ya son maƙwabcinsa ya fi shi dawaki.

2. Yadda ake ƙulla ƙawance

Abubuwa uku ne suka fi sa sarakuna neman aboki. Na farko, tsoron wani mai ƙarfi wanda birni ɗaya ba ya iyawa da shi. Na biyu, tsare hanyoyin fatauci: gishiri na zuwa daga Bilma, goro na zuwa daga Gwanja, kuma ayari ba ya tafiya sai hanya tana da lafiya. Na uku, kwaɗayin ganima, wato dukiyar da ake kwasowa a wurin yaƙi.

In sarki yana son ƙawance, sai ya tashi manzo da kyauta: doki, ko riga, ko takobi. In wancan sarki ya karɓa ya maido da tukuici, magana ta fara ɗauruwa. Wani lokaci a ƙara da aure tsakanin gidajen sarauta biyu. Wani lokaci malamai su shiga tsakani, a yi rantsuwa a gabansu.

Ƙawance iri biyu ne. Akwai na tsara da tsara, inda kowa ke riƙe da ikonsa. Akwai kuma na babba da ƙarami, inda ƙaramin ke aika gaisuwa kowace shekara, babban kuwa ya kare shi. An yi zamanin da sarakunan Hausa da dama suke aika irin wannan gaisuwa ga Sarkin Barno. In ƙarami ya daina aika gaisuwa, to kowa ya san ya yi tawaye ke nan.

3. Kanta da Askiya: rabon ganima

A farkon ƙarni na 16, daular Songai ce mafi ƙarfi a yamma. Sarkinta Askiya Muhammadu yana zaune a Gawo, bakin kogin Kwara. Wajen shekarar 1515 ya kai yaƙi Agadas. Cikin waɗanda suka taimake shi akwai wani jarumi mai suna Kanta, shugaban mutanen Kabi.

An ci yaƙi, an kamo hanyar gida. Da aka zo rabon ganima, sai Kanta ya ga ba a ba mutanensa abin da ya cancance su ba. Ya janye rundunarsa, ya ce daga ranar ba ya bin Songai. Askiya ya aiko da mayaƙa, amma ba su iya karya shi ba. Kanta ya gina birnin Surame da ganuwar dutse, Kabi ta zama babbar daula. Har yanzu kufan Surame yana nan a yammacin Sakkwato.

Yaƙi bai raba Kanta da Askiya ba. Rabon abin da yaƙin ya kawo shi ya raba su.

4. Kano da Katsina: sulhun malamai

Kano da Katsina sun daɗe suna yaƙi da juna a kan kasuwa da hanyoyin arewa. Yau Katsinawa su zo har ƙofar Kano, gobe Kanawa su rama. Wajen shekarar 1650, zamanin Sarkin Kano Shekarau, malamai suka shiga tsakani, aka yi sulhu.

A wannan ƙarni na 17 kuwa akwai wani haɗari da ya shafe su duka biyu. Mayaƙan Kwararrafa suna tasowa daga kudu, wajen kogin Binuwai. Sun kai wa Kano hari fiye da sau ɗaya, har suka shiga cikin birnin, sun kuma kai wa Katsina. Birane biyun da suka gajiyar da juna sun ga amfanin barin faɗa. Hausawa na cewa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

5. Adar, Zamfara da Gobir

Ƙarfin Kabi ya daɗe, har ƙasar Adar ma tana ƙarƙashinta. A shekarar 1674, Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Almubarak, ya zo da runduna ya ƙwace Adar daga hannun Kabi. Buzayen Lisawan suna cikin waɗanda suka taimake shi. Zuriyar Agabba ce ta riƙe sarautar Sarkin Adar, wadda fadarta take Illela. Masanin tarihi Jibo Hamani ya rubuta littafi a kan wannan ƙasa a shekarar 1975.

A farkon ƙarni na 18, ƙasashe uku suka haɗa kai a kan Kabi: Zamfara, Gobir da Agadas. Suka ci ta da yaƙi. Kabawa suka bar Surame, suka koma Birnin Kabi. Zamfara ta zama babba a yankin.

Gobirawa kuwa a lokacin suna cikin matsi daga arewa, suna neman ƙasa mai ruwa da ciyawa. Suka dinga gangarowa kudu, cikin ƙasar abokansu Zamfarawa. Sarkin Zamfara ya ba su wurin zama. Tsofaffi sun ce gonar alƙalin Zamfara ce aka ba su, shi ya sa ake kiran wurin Alƙalawa. Sun kuma ce Sarkin Gobir Babari ya ba Sarkin Zamfara ƴar'uwarsa aure, don a ƙara danƙon zumunci.

Sannu a hankali baƙi suka yi yawa, suka fi masu gida ƙarfi. Wajen shekarar 1762, Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi. Alƙalawa ta zama babban birnin Gobir. Gobir ta kai ƙarshen ƙarfinta a zamanin Bawa Jangwarzo, kuma Ƙwanni tana cikin ƙasashen da ke bin ta. Amma Zamfarawa ba su manta da abin da aka yi musu ba.

6. Shekarar 1804

An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a shekarar 1754 a Maratta, kusa da Galmi. Ya yi shekaru yana karantarwa da wa'azi a ƙasashen Gobir da Zamfara da Kabi, jama'arsa ta yi yawa. Saɓani ya shiga tsakaninsa da Sarkin Gobir Yunfa. A watan Fabrairu na 1804 Shehu ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu. A cikin wannan shekara jama'arsa suka ci Matankari da Birnin Ƙwanni. A watan Yuni suka kori rundunar Yunfa a Tafkin Kwato.

Yunfa ya aika wa sauran sarakunan Hausa takardu. Ya gargaɗe su cewa abin da ya same shi yana iya samunsu. To, a nan ne tsohon bashi ya taso. Zamfarawa da yawa suka karɓi jama'ar Shehu da farko, domin abokin gabarsu ɗaya ne, wato Gobir. Sarkin Zazzau Jatau ya goyi bayan Shehu. Katsina kuwa ta daɗe tana yaƙi da Gobir, kuma ita da Kano da Daura kowace tana fama da abin da ya taso a cikin ƙasarta.

An yi ƙoƙarin haɗa kai. A 1805 Gobirawa da Kabawa da Buzaye suka taru, suka yi nasara a Alwasa, amma suka kasa cin Gwandu. Jama'ar Shehu kuwa, ko da yake akwai Fulani da Hausawa da Buzaye a cikinsu, shugabansu ɗaya ne, kuma kowane kwamanda daga hannunsa yake karɓar tuta. Birane suka dinga faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Birnin Kabi ya faɗi a 1805, Katsina da Kano a 1807. A watan Oktoba na 1808 aka ci Alƙalawa, Yunfa ya rasu a wurin. Sakkwato ta zama cibiyar sabuwar daula.

7. Tsofaffin abokan gaba sun zama maƙwabta

Sarakunan da suka rasa biranensu ba su ajiye makamai ba. Wajen 1819 Ɗan Kasawa, na gidan sarautar Katsina, ya kafa mulkinsa a Maraɗi. Gobirawa da Katsinawa, waɗanda suka yi shekaru suna kashe juna, yanzu buƙatarsu ta zama ɗaya. Suka haɗa kai, suka jawo Buzayen Kel Geres.

A shekarar 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gamu da wannan haɗin gwiwa a Gawakuke, ya ci su. Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda duka sun rasu a fagen daga. Bayan wannan, Sarkin Maraɗi Ɗan Mari ya taimaki Gobirawa suka gina sabon birni kusa da shi. Shi ne Tsibiri, inda Mayaƙi ya yi sarauta. Kusancin garuruwan biyu ya sa in an taɓa ɗaya, ɗayan ya ji. Sakkwato ba ta ci Maraɗi da Tsibiri ba har zuwan Turawa.

A yamma ma haka aka yi. A 1849 Yakubu Nabame ya tayar da Kabi daga Argungu. Ya ƙulla ƙawance da Zabarmawa da Arawa da mutanen Dandi. Da yaƙi ya ƙi ƙarewa, sai aka yi sulhu a 1867 tsakanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga da Sakkwato. Wannan sulhu shi ake kira Lafiyar Toga. Ya kai kamar shekara takwas, manoma suka yi noma, fatake suka bi hanya.

8. Irin wannan a ƙasar Girka

Ba a ƙasar Hausa kaɗai aka yi irin wannan zama ba. A nahiyar Turai, bakin tekun Bahar Rum, akwai ƙasar Girka. Shekaru fiye da 2.000 da suka wuce, Girkawa suna zaune a birane masu yawa, kusan dubu, kowane da mulkinsa. Harshensu ɗaya, al'adunsu ɗaya. Duk bayan shekara huɗu sukan taru a Olimpiya su yi wasanni, a ba matafiya amana su wuce lafiya. Manyan biranensu su ne Atina da Isparta.

Shekarun wannan labari duka kafin haihuwar Annabi Isa ne. Saboda haka lambar shekara raguwa take yi yayin da zamani ke tafiya.

A shekarar 480, Sarkin Farisa ya kawo wa Girka yaƙi da runduna mai yawa. Birane 31 suka haɗa kai, wasu kuwa suka bi Farisa, wasu suka zauna suna kallo. Waɗanda suka haɗu suka ci jiragen ruwan Farisa a Salamis. A 478 Atina ta tara birane da tsibirai cikin sabon ƙawance, don kada Farisa ta komo. Kowane birni yana kawo jiragen ruwa ko kuɗi. Ana ajiye kuɗin a tsibirin Delos.

Da tsoron Farisa ya ragu, tsibirin Naksos ya ce zai fita. Atina ta kewaye shi da jirage, ta maido shi dole. A 454 ta kwashe baitulmalin daga Delos ta kai shi cikin birninta. Kuɗin taimakon juna ya koma gaisuwa, abokai suka koma talakawa. Isparta da ƙawayenta suka ji tsoron ƙarfin Atina. Yaƙi ya ɓarke a 431, bai ƙare ba sai 404, wato shekara 27. Atina ta sha kashi, amma biranen duka sun raunana. A 338 Filibus, Sarkin Makidoniya, ya zo daga arewa ya ci Atina da ƙawayenta, ya zama mai faɗa a ji a ƙasar Girka.

Abin da Atina ta yi wa Naksos ya yi kama da abin da Gobir ta yi wa Zamfara. A duka biyu, aboki ne ya yi ƙarfi ya zama ubangida.

9. Abin da ya rage

A shekarar 1899 rundunar Faransa, ƙarƙashin Bule da Shanuwan, ta ratsa wannan yanki tana ƙone garuruwa. Ta yaƙi Sarauniya a Lugu cikin watan Afrilu. A watan Mayu ta faɗa wa Birnin Ƙwanni, ta kashe mutane masu yawan gaske. Bindigoginsu sun fi ƙarfin kibiya da mashi, kuma kowane gari shi kaɗai ya tare su. A 1903 sojojin Ingila suka ci Kano da Sakkwato. Faransa da Ingila suka ja iyaka a tsakaninsu. Iyakar ta raba Gobir biyu, ta raba Katsina biyu, ta bi ta kudancin Ƙwanni.

Yau birane ba su yaƙi da juna, amma ƙasashe na ƙulla yarjejeniya kamar yadda sarakuna suka yi. A 1971 Nijar da Nijeriya suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai. In dangantaka ta yi tsami kuwa, talaka ke fara ji. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta, daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, kasuwannin bakin iyaka sun sha wuya, har da ta Ƙwanni.

Akwai kuma wani gado mai daɗi, shi ne wasan taubasai. Bagobiri na wasa da Bazabarme, Bafillace na wasa da Babarbare, Bakano na wasa da Bazazzage. Kowa ya tsokani ɗan'uwansa, ba mai fushi. Tsofaffi na cewa wasu daga cikin waɗannan wasanni sun samo asali daga yaƙe-yaƙe da alkawuran da. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

Tarihin nan ya nuna tsoro yana saurin haɗa birane, amma da zarar tsoron ya wuce, sai ƙawance ya fara rawa. Wanda ya daɗe shi ne wanda aka yi rabo da adalci, kuma babba bai mai da ƙarami bawa ba. Tsintsiya ɗaya ba ta shara, amma sai an ɗaure ta da amana.

Ma'anar kalmomi

Ƙawance: alkawarin taimakon juna tsakanin ƙasashe ko birane.
Ganima: dukiyar da aka kwaso a wurin yaƙi.
Gaisuwa: a nan, kayan da ƙaramin sarki ke aika wa babba don nuna yana bin sa.
Tawaye: ƙin bin wanda ake bi a da.
Kufai: wurin da gari ya taɓa zama, mutane suka tashi.
Baitulmali: wurin ajiyar kuɗin jama'a.

Tambayoyi

1. Ku kawo sunayen Hausa Bakwai.
2. Waɗanne abubuwa uku ne ke sa sarakuna neman ƙawance?
3. Mene ne ya raba Kanta da Askiya Muhammadu?
4. Wa ya ci Adar a 1674? Daga hannun wa ya ƙwace ta?
5. Don me Zamfarawa ba su taimaki Gobir ba a farkon yaƙin 1804?
6. Yaya aka yi aka gina Tsibiri kusa da Maraɗi?
7. Ta ina labarin Atina da Naksos ya yi kama da na Gobir da Zamfara?
8. Shekara nawa ke tsakanin faɗuwar Alƙalawa da yaƙin Gawakuke?

Aiki

Ku zana taswira, ku sa Ƙwanni, Illela, Malbaza, Maraɗi, Tsibiri, Sakkwato da Agadas. Ku tambayi wani dattijo a unguwarku: wane sarki ne garinku yake kai wa gaisuwa a da, kuma su wane ne taubasan mutanen garinku? Ku rubuta amsarsa cikin layi biyar, ku karanta wa ƴan aji.